Gargaɗi Ne Kawai

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Talata ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. An yi shekaru da yawa, amma har yau in kwamfuta ta yi ƙarar nan ta "tit" a kusa da ni, sai in ji ƙeyata ta ɗauki zafi.

Lokacin na gama karatun kwamfuta a jami'a, na gama hidimar ƙasa, na dawo gida Azare da takardar digirina a cikin leda biyu (ta farko saboda ruwa, ta biyu saboda ko ta farkon ta yage). Zamanin da wayar salula ta fara shiga hannun kowa ne, kwamfuta kuwa har lokacin ana lulluɓe ta da zane in an tashi aiki. Na samu aikin wucin gadi a wani ofishi da ke kula da takardun malaman makaranta. Ba zan faɗi sunan ofishin ba, domin laifin da ke cikin labarin nan nawa ne, ba nasu ba.

Aikin tantancewa ake yi. Malamai suna zuwa daga Bulkachuwa da Disina da Gololo da cikin Katagum, kowa riƙe da takardun shaidar karatunsa, a sa su a sikana a ɗauki hotonsu, a adana a kwamfuta. Ni kuma aka ce in rubuta 'yar manhajar da za ta riƙa buɗe kowane hoto, ta tabbatar ya ɗauku da kyau, ta haɗa shi da sunan mai shi. In aikin ya yi kyau, an ce wataƙila a ɗauke ni na dindindin. Wannan "wataƙila" ita nake kwana da ita nake tashi da ita.

Mu huɗu ne a sashen. Akwai Alhaji, shugabanmu, mutum mai sanyin murya wanda abu ɗaya kawai yake tsoro a duniya: a ce a Bauchi an gano takardar jabu ta wuce da sa hannunsa. Akwai Madam Rifkatu mai buga takardu, 'yar kudancin jiha, wadda ta zo Azare tun kafin in shiga firamare, kuma saura shekara ɗaya ta yi ritaya. Sai Malam Buba masinja, dattijo mai tsokana, wanda tun ranar farko ya raɗa mini suna Injiniya. Sai ni.

Yanzu dole in ɗan yi bayanin sana'a, a yi haƙuri. Mai rubuta manhaja ba ya fara komai daga tushe. Akwai tarin aiki da wasu masana suka riga suka yi, suka bar shi kyauta, kai sai ka ɗauko ka jingina naka a kai. Laburare ake ce masa, amma babu littafi ko ɗaya a ciki. Na je kafe, shagon intanet, na sauko da wani laburare da ya ƙware wajen karanta fayilolin hoto, na buga takardun bayaninsa, na sa su a leda (ɗaya kawai wannan karon).

Shi laburaren nan yana da ƙofa biyu da yake magana ta cikinsu in ya ga abin da bai gamsu da shi ba. Ƙofar farko ta kuskure ce: hoton ya lalace, ba zan iya karanta shi ba, tsaya. Ta biyu ta gargaɗi ce: na ga wani abu da ban saba gani ba, na faɗa maka, amma ina ci gaba da aikina. Kai mai manhaja kai za ka ɗora mai gadi a kowace ƙofa, wato ɗan shirin da zai karɓi saƙon ya yanke abin da za a yi da shi. A takardun bayanin an rubuta ƙarara cewa yawancin saƙonnin ƙofa ta biyu ba abin damuwa ba ne, kana iya rubuta su a gefe ka wuce.

Na karanta wannan wurin. Kada wani ya ce ban karanta ba, har layi na ja a ƙarƙashinsa. Matsalar ita ce ban yarda da shi ba.

A gidanmu, in Baba ya ce "na gargaɗe ka," to ka fara neman wandonka mafi kauri. A makarantar kwana, takardar gargaɗi ta uku ita ce ta ɗaure akwati. Ban taɓa ganin gargaɗin da ba a biyo shi da komai ba. To wane irin mutum ne zai yi maka gargaɗi, sannan ya ce kada ka damu? Sai na ce a raina, mutanen nan da suka rubuta laburaren suna can ƙasarsu, ba su san yadda ake sarrafa takarda a nan ba. Don haka na yi abin da na ɗauka shi ne taka-tsantsan: na ɗora mai gadi ɗaya a ƙofofin biyu. Ko kuskure ne ko gargaɗi, duk abu ɗaya zai faru. Kwamfuta ta yi "tit," jan akwati ya fito a tsakiyar allo, da rubutun da ni na tsara da kaina, da Hausa, da manyan baƙaƙe:

GARGAƊI: AKWAI ALAMAR AN TAƁA WANNAN TAKARDA.

(Asalin saƙon laburaren, na Turanci, na sa yana tafiya cikin wani ƙaramin fayil da ba na buɗewa sai jefi-jefi. Me zan yi da shi, tunda ga nawa ya fi fito da ma'ana.)

Makon farko lafiya lau. Ni kaɗai nake ɗaukar hotunan da tsohuwar sikanar ofis, wadda take nishi kafin ta gama shafi ɗaya. Jan akwati bai fito ba ko sau ɗaya, har na fara jin haushin ban samu damar nuna shi ba. A mako na biyu malamai suka yi yawa, layi har bakin rumfar mai shayi, sai aka kawo sabuwar sikana daga Bauchi aka ɗora a teburin Madam, aka ce ta taimaka. Ita tana ɗauka a can, ni ina ɗauka a nan, da yamma in haɗa duka in bi su da manhajata.

Yammar farko kwamfuta ta yi "tit." Na danna. Ta sake yin "tit." Na danna. Kafin a kira la'asar ta yi sama da sau talatin.

Na buɗe ƙaramin fayil ɗin nan in ga me laburaren yake cewa. Ma'anar saƙon ita ce: an ci karo da wata lamba da ba a san ta ba. Kowane fayil na hoto yana ɗauke da 'yan bayanai a ɓoye, kamar rubutun da ake yi a jikin buhun wake, faɗinsa kaza, tsawonsa kaza, launinsa kaza, kuma kowane bayani da lambarsa. To ga wata lamba baƙuwa a jikin buhun. Wa ya rubuta ta? Na jera sunayen fayilolin na duba. Duka daga teburin Madam suka fito.

Ina so a san wannan, ban zargi kowa ba. Kawai dai washegari na sayi ƙaramin littafi mai bango baƙi na fara lura.

Abin da na gane game da zargi shi ne, in ya shiga idonka, ba ka ƙara ganin mutum yana yin abu haka kawai. Madam tana danne murfin sikana da hannu biyu: na rubuta. Tana hura gilashin ta goge da gefen gyalenta: na rubuta, na sa alamar tambaya. A aljihun teburinta akwai kwalbar farin ruwan nan na goge rubutu (mai buga takardu ce, me kuma za a samu a aljihun teburinta, amma na rubuta). Wani malami daga Disina ya zo, sai na ji ta juya harshe suna Fulatanci ƙasa-ƙasa. Ni Fulatancina bai wuce gaisuwa ba, amma na tsinci kalmar "ɗerewol," na kuma san takarda take nufi. Na ja layi biyu a ƙarƙashin wannan. Wani kuma daga Bulkachuwa ya kawo mata kankana. A littafina an rubuta: "Laraba, kankana ɗaya, babba." Abin da ba a rubuta ba shi ne ta yanka ta raba wa kowa, kuma na ci yanki biyu.

"Injiniya," in ji Malam Buba ranar Alhamis, ya same ni a bayan kabad, "wannan littafin na waƙa ne ko na tsafi? Kwana uku ina ganin ka kana leƙe kamar mai jiran kaza ta yi ƙwai."

"Lissafin aiki ne, Malam."

"To aikin a teburin Madam yake? Ko aure kake nema? Mijinta na nan da ransa, ka sani, kuma tsohon soja ne."

Madam ta ɗago daga sikana ta ce, "Malam Buba ka bar mini ɗana ya yi aikinsa. Injiniya, ka karya kuwa? Akwai ƙosai a leda."

Na ce na ƙoshi. Na koma na rubuta: "Tana ƙoƙarin jawo ni a jiki."

Abu ɗaya ne ya ɓata mini lissafi. A cikin jerin fayilolin da suka fito da jan akwati, akwai ɗaya da ba daga teburin Madam ya fito ba. Takardar wani Malam Adamu ce daga Gololo, kuma ni na ɗauke ta da hannuna a tsohuwar sikana. Na zauna na kalli sunan na ɗan lokaci. In na bar shi a jerin, maganata ba za ta tsaya daidai ba. Sai na yanke cewa wannan kam tangarɗar na'ura ce kawai, na ja masa layi na soke. Ban ko buɗe ƙaramin fayil ɗin in ga me laburaren ya ce a kansa ba.

Ranar Juma'a da safe na kai wa Alhaji rahoto. Kwana biyu na yi ina gyara shi. Har yau ina tuna yadda ya fara: "Ba tare da zargin kowa ba, kuma bisa iya abin da na fahimta, wanda mai yiwuwa bai cika ba, akwai alamun da ke iya nuna cewa wataƙila wasu daga cikin takardun da aka ɗauka a wani teburi sun samu wani sauyi." Teburi biyu ne kacal a sashen, ɗaya nawa.

Alhaji ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya ajiye.

"Madam Rifkatu kake nufi."

"Ranka ya daɗe, ni ban ce ita ba ce. Na'ura ce ta nuna."

"Na'urar tana ƙarya?"

"A iya sanina, ba ta yi."

Alhaji ya tura rahoton gefe. Sannan ya ce tun yana ƙaramin ma'aikaci yake aiki da matar nan, ko biro bai taɓa jin ya ɓata a hannunta ba. Amma tunda maganar ta zo a rubuce, ba shi da ikon ya zauna a kanta. Dole ya ba ta takardar gargaɗi, ya janye ta daga aikin tantancewa, ya aika kwafi Bauchi. "Ka san abin da wannan yake nufi?" ya tambaye ni. "Saura mata shekara ɗaya. Takardar nan in ta shiga fayil ɗinta, ba ta fita. Da ita za ta koma gida, mutanen garinsu su ji an kore ta daga aiki a kan takardun jabu."

Na ce na sani. Gaskiya abin bai yi mini daɗi ba, amma na gaya wa kaina cewa haka masu gaskiya suke ji.

To ga inda abin ya fara karkata. Alhaji ba ya buga takarda, da hannu yake rubutawa ya jefa a tire. Ya rubuta wannan ma, da niyyar ya kai ta wani shago a buga a asirce, sai aka kira shi a waya, ya jefa ta a tire bisa sabo. Malam Buba kuwa shekara da shekaru aikinsa ke nan, ya kwashe abin da ke cikin tire ya kai wa mai buga takardu. Ranar Litinin da safe ya kwasa ya kai.

Madam Rifkatu ta buga takardar gargaɗinta da hannunta. Kwafi biyu, babu kuskure ko ɗaya, har ta gyara wa Alhaji wani waƙafi. Ina zaune a teburina na ga ta tashi ta shiga ofishinsa, kuma da yake ƙofar ba ta rufuwa sosai, na ji komai.

"Ranka ya daɗe, ga ta, saura sa hannu. Abu ɗaya nake roƙo. Kafin ka sa, a nuna mini na'urar da ta ce na taɓa takardun mutane. Ina so in ji daga bakinta."

Alhaji ya ce gobe da safe.

Da ta fito ba ta kalle ni ba. Ta zauna ta ci gaba da aikinta. Ranar babu wanda ya yi mini tayin ƙosai.

Talata da ƙarfe tara muka taru a gaban kwamfutata, Alhaji a kan kujera, Madam a tsaye da jakarta a hannu, Malam Buba a jingine da ƙofa, fuskarsa babu dariyar nan da na saba gani. Na sa riga mai dogon hannu. Na yi bayanin laburare, na yi bayanin buhun wake da baƙuwar lamba. Na buɗe hoto biyar daga teburina, shiru. Na buɗe na farko daga teburin Madam.

Tit. Jan akwati.

Na biyu. Tit. Na uku. Tit.

Alhaji ya sauke numfashi ya laluba aljihu yana neman biro. Ni kuma, Allah ya yafe mini, na ji wani ɗan daɗi ya taso mini, irin na ɗalibin da amsarsa ta fito daidai.

"Injiniya," in ji Madam, muryarta kamar tana tambayar ƙarfe nawa, "takardarka ta digiri tana kusa?"

Tana kusa mana. Kullum tana cikin jakata, a leda biyu.

"Ta gaske ce ko?"

"Haba Madam."

"Tambaya ce. To ɗauko ta. Ka sa ta a sikanar teburina da hannunka. Ni ba zan taɓa ba, ga hannuwana." Ta rungume jakarta ta ja baya har jikin bango.

Na kalli Alhaji, ya ɗaga kai. Na kwance leda ta farko, na kwance ta biyu, kowa yana jin ƙarar ledar. Na shimfiɗa takardar a gilashi, na rufe murfin, sai na ga bai kwanta daidai ba, sai da na danne shi da hannu biyu (daidai yadda na rubuta a littafina cewa Madam tana yi). Hasken ya wuce. Na kawo hoton kwamfutata, na buɗe.

Tit.

Ga sunana, ga tambarin jami'a, ga sa hannun shugabanta, a samansu kuma ga jan akwati da rubutun da ni na tsara: AKWAI ALAMAR AN TAƁA WANNAN TAKARDA.

Na ji gumi yana gangarowa cikin dogon hannun rigata.

"Ikon Allah," in ji Malam Buba a hankali. "Ashe ɓarawon a cikin gida yake. Injiniya, a wace kasuwa ka saya? Ina da jika da yake neman irinta."

"Wataƙila," na ce, "mai yiwuwa, akwai yiwuwar cewa..."

Alhaji bai bar ni na ƙarasa ba. Ya tashi da kansa, ya zare farar takarda daga sabon ƙunshi, wadda ko ɗigon tawada babu a jikinta, ya sa a sikanar Madam. Ya ce in buɗe.

Tit.

"Farar takarda ma an taɓa ta," in ji Alhaji. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

Malam Buba ya matso yana naɗe hannun riga. "Ranka ya daɗe, a gwada tafin hannuna. Shekara sittin ina yawo da shi, in na jabu ne gara in sani."

A nan ne na buɗe ƙaramin fayil ɗin nan a gabansu, na karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya kamata in yi tun ranar farko. Lamba ɗaya ce tak take maimaituwa, a takardun malamai, a digirina, a farar takarda. Sabuwar sikanar ce take buga tambarin kamfaninta a jikin kowane hoto, kamar yadda dillali yake sa alamarsa a buhu. Laburaren bai san alamar ba, ya ce ga wani abu ban sani ba, ya ci gaba da aikinsa. Bai taɓa cewa an taɓa komai ba. Ni na sa masa wannan maganar a baki.

Na yi bayanin haka, da kalmomi da yawa. Madam ta saurara har ƙarshe.

"Wato abin cewa ya yi, ga baƙo," ta ce. "Kai kuma ka ce ga ɓarawo."

"Kusan haka ne, Madam."

"Ba kusan ba."

Da a nan aka tsaya, da na ce kunyar ta isa. Amma idona ya sauka a kan wani layi daban a cikin fayil ɗin, layi ɗaya tak da bai yi kama da sauran ba. Wannan ba ta ƙofar gargaɗi ya shigo ba, ta ƙofar kuskure ya shigo. Ma'anarsa: fayil ya yanke a tsakiya, ba a iya karanta sauran. Takardar Malam Adamu ce, na Gololo, wadda na soke daga jerin. Na buɗe hoton, sai ga rabin takarda, sama akwai, ƙasa toka-toka, daidai inda sakamakon jarrabawarsa da hatimi suke. Sai na tuna ranar an ɗauke wuta ina cikin ɗauka, na ɗauka ta gama. Da an aika hotunan Bauchi haka, da an ce bawan Allah nan takardarsa ba ta cika ba.

Wato a cikin jan akwati kusan ɗari, ɗaya ne kawai yake da gaskiya, kuma shi ne na jefar, saboda ni ya nuna.

Na faɗa musu da bakina, domin babu wata hanya. Alhaji ya rufe ido ya buɗe. Ya ce gobe in hau mota in je Gololo da kaina in ba Malam Adamu haƙuri in karɓo takardarsa. Sannan ya ɗauki takardar gargaɗin Madam, ya yaga ta biyu, ya yaga ta huɗu, ya miƙe tsaye ya ba ta haƙuri a gabanmu.

Ni ma na ba ta. Na fara da "Madam, in har wani abu da na yi ya iya zama sanadin..." sai ta ɗaga hannu.

"Ɗana, yau ɗaya dai ka yi magana babu wataƙila."

Na ce, "Na zarge ki a kan abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

"Yauwa. Littafin nan naka mai baƙin bango, kawo shi."

Ashe ta sani. Ashe kowa ya sani. Ta buɗe ta karanta a tsaye, Malam Buba yana leƙe ta kafaɗarta. Da ta kai kan maganar Fulatanci ta ce malamin nan na Disina ce masa ta yi ya daina ninke takardarsa huɗu yana sa wa a hula. Da ta kai kan kankana ta tsaya.

"Babba, ka rubuta. Ba ka rubuta yanki nawa ka ci ba."

"Biyu ne," in ji Malam Buba. "Ni shaida ne."

Na je Gololo na dawo. Malam Adamu ya karɓe ni da fura, bai ma fahimci dalilin da ya sa nake ta ba shi haƙuri ba. Da na dawo na zauna na raba ƙofofin nan biyu, kowace da mai gadinta. Kuskure ya tsayar da aiki ya faɗi ainihin abin da ya faru, da kalmomin laburaren, ba da nawa ba. Gargaɗi ya shiga littafi a gefe, in duba shi da yamma da hankalina a kwance. Jan akwatin na goge shi gaba ɗaya.

Ranar Alhamis Malam Buba ya ajiye mini ambulan a tebur, yana ta ƙoƙarin haɗiye dariya. Na buɗe. Takardar gargaɗi ce daga Alhaji, da sunana a sama, a kan gaggawar kai rahoton da ba a tabbatar ba. An buga ta tsaf, babu kuskure ko ɗaya, na kuma san hannun da ya buga ta. Na karanta har ƙarshe. Na fara tunanin yadda zan gaya wa Baba, da inda zan samu kwali in kwashe kayana.

Madam tana kallona daga teburinta. Ta tura mini ledar ƙosai da gefen biro.

"Me ya faru kuma, Injiniya? Fuskarka kamar an yi maka rasuwa."

Na ɗaga mata takardar.

"Wannan? Ai gargaɗi ne kawai," ta ce. "Ka rubuta a gefe, ka ci gaba da aikinka."

Na ci gaba, kuma daga baya an ɗauke ni na dindindin. Madam ta yi ritaya da fayil ɗinta fes. Takardar nan tana nan a wurina har yau, a leda ɗaya da digirina. Abin da na koya, in har na koyi wani abu (ba na so in cika baki), shi ne in na'ura ko mutum ya ce mini ga abin da bai gane ba, in tsaya a kan abin da ya faɗa, kada in ƙara masa nawa. Kuma duk ranar da na jera masu laifi na ga sunana ne kaɗai ya ɓata mini jerin, to daga kansa zan fara dubawa.